Manomin da Ya Ji Tsoron Wankin Kunne

Akwai wani manomi da datti ya cushe masa kunnuwa. Kullum yana sosawa da gashin kaza, dattin kuwa sai ƙara shigewa yake, har ya daina jin magana. Bai gaya wa kowa ba. Kome aka ce sai ya gyaɗa kai, don ya taɓa jin wai a asibiti ruwa ake ɗura wa mutum a kunne, ya wuce har ƙwaƙwalwa.

Wata rana suna yankan dawa, matarsa Rifkatu ta hango kububuwa dab da ƙafarsa. Ta yi ihu, "Baban Nuhu, maciji! Maciji!" Shi kuwa ya juyo yana murmushi, ya gyaɗa mata kai. Sai da ta rugo ta fizge shi, suka zube tare.

Ta kai baki kunnensa ta ce, "Au, ashe da kurma nake ta hira? So kake ka bar ni da marayu?"

Ta ja shi asibiti. Nas ta haska kunnen, ta ɗaga murya ta ce, "Baba, ai kai ka danna dattin nan ciki da hannunka. Je ka riƙa ɗiga man zaitun ya yi laushi, ka dawo."

Ran da ya koma ya ga sirinjin wanke kunne, sai ya ja da baya. Ya ce, "'Yata, in ruwan ya shige kaina fa?"

"Ba ya wucewa, Baba. Riƙe tasar nan, kada ka motsa."

Ya riƙe tasar, ya runtse ido. Ruwan ɗumi ya yi ƙugi a kunnensa kamar rafi ya kawo. Can sai ga baƙin dunƙule ya faɗo. Abin da ya fara ji shi ne Rifkatu a bayansa, tana addu'a ƙasa-ƙasa.

To, ga ma'anar wannan misali. Dattin nan zunubin da muke ɓoyewa ne. Muna ta ƙoƙarin cire shi da dabararmu, yana ƙara shigewa. Mukan zauna a coci muna gyaɗa kai, alhali ba ma jin kome, muna tsoron a gane. Man zaitun addu'a ce mai tausasa zuciya, wankewar kuwa ta Yesu ce. I, akwai tsoro. Amma abin da ya fi ban tsoro shi ne ranar da Ubangiji zai kira sunanmu don ya cece mu, mu kasa ji.