Ƙafar Sabitu da Sunan Gidan Maɗora

Akwai wani manomi a Shema, kusa da Dutsin-Ma, ana ce masa Sabitu. A shekarun samun mulkin kai aka yi wannan abu. Gidansu gidan ɗori ne kaka da kakanni. Da mahaifinsu ya rasu, wansa Sodangi ya gaji sana'ar, kuma shi ya riƙe Sabitu har ya yi masa aure. Shi ya sa Sabitu bai taɓa ɗaga ido ya musa masa magana ba.

Wata ranar kasuwar Kurfi, Sabitu ya hau motar fasinja mai bodin katako zai je sayen garma, don damina ta matso. Daf da wata 'yar gada suka yi taho-mu-gama da motar gyaɗa. Benci ya danne masa ƙafar dama, ƙashin ƙwauri ya karye har ya huda fata.

Aka kwashe su zuwa asibiti a Katsina. Can aka daidaita ƙashin, aka naɗe ƙafar da siminti irin na asibiti, aka bar 'yar kafa daidai raunin don a riƙa wankewa. Da za a sallame shi, likita ya ja masa kunne: ya riƙa zuwa ɗakin shan magani na Dutsin-Ma ana wanke ciwon, kuma kada kowa ya taɓa simintin sai ya dawo.

Ya koma gida, 'yan dubiya suka cika zaure. Kun san mutanenmu da tsiya. Wannan ya ƙwanƙwasa simintin da yatsa, wancan ya ce ashe gaskiya ne wanzami ba ya son jarfa, ga ɗan gidan maɗora da ginin Nasara a ƙafa. Aka yi ta dariya, har shi Sabitun. Sodangi kaɗai bai yi ba.

Da baƙi suka watse, sai ga shi da zarto da karare da tsumma.

Sabitu ya ce a hankali, "Yaya, likita ya ce akwai rauni, kada a rufe shi."

"Likitan ne ya haife ka? In ƙanena na yawo da wannan abu, wa zai ƙara kawo mini karaya?"

Shi ke nan, Sabitu ya miƙa ƙafa. Sodangi ya yanke simintin, ya shafa magani, ya jera karare a kan raunin, ya ɗaure tamau. Ya kafa dokar gidan: ɗori ba a kwance shi sai wanda ya ɗaura ya ce. Zuwa ɗakin shan magani kuwa ya soke shi.

Ƙafa ta fara zogi, ta kumbura, zazzaɓi ya sauka. Kyauta, matar Sabitu, ita ta fara lura yatsun sun yi baƙi. Ta yi kuka, ta roƙe shi ya faɗa wa wansa, ko ya bari ta nemo jaki a kai shi gari. Ya hana ta. A ganinsa, faɗin haka daidai yake da ce wa Yaya bai iya aikin ubansu ba. Kullum Sodangi ya leƙo ya tambayi jiki, amsa ɗaya ce: da sauƙi.

Abin takaici, mai ɗaki ya san inda yake masa yoyo, amma kunya ta ɗaure masa baki.

Wari ne ya tona asirin. Ranar da 'yan dubiya suka fara tsayawa daga bakin ƙofa suna toshe hanci, Sodangi ya kwance ɗorin da kansa. Abin da ya gani ya sa ya zauna a ƙasa. Aka nemi mota aka koma Katsina, amma an makara. Don a ceci ransa, aka yanke ƙafar daga gwiwa.

Damina ta zo ta wuce, gonar Sabitu ta zama ta ciyawa. Zauren Sodangi kuwa ya koma kufai. Ko akuya ce ta karye, gara mutum ya kai ta Kurfi.

Wata safiya Sodangi ya shigo da sandar dogarawa da ya sassaƙa da hannunsa, ya ajiye ba tare da ya dubi ƙanensa ba. Sabitu ya sa ta a hammata, ya miƙe, ya taka har bakin ƙofa ya dawo.

Ya ce, "Ta yi daidai, Yaya. Wannan aikin kam ka iya shi."

Darasi: Girman kai rawanin tsiya ne, kuma kunyar da za ta hana ka cewa "ina jin ciwo" ba ladabi ba ce. In haɗari ya ritsa da naka, bar shi ya ƙarasa jinyarsa inda aka fara ta. Sunan gida ba ya mayar da ƙafa. Ku tura wa 'yan uwa, wataƙila akwai mai cewa "da sauƙi" alhali yana ruɓewa.