Shari'ar Itatuwan Bakin Hanya

An ce wani sarki ya yi zamani a wani birni mai yawan inuwa, wanda mutum zai taso daga ƙofar gabas har kasuwa rana ba ta taɓa ƙeyarsa ba, saboda itatuwan da magabata suka jera a bakin hanya. A birnin akwai wani tsoho da ake kira Korau, shi ne mai kula da itatuwan nan. Shekara hamsin ya yi yana rage rassa, yana sare wanda ya mutu, yana dasa wani a gurbinsa. Ba shi da rawani, ba shi da doki, gatari ɗaya gare shi, ƙotarsa ta yi sumul don shan hannu. Ni dai a cikin mutanen da aka ba ni labarinsu, ban ji wanda ya shiga raina kamar tsohon nan ba.

Wata damina hadari ya taso da iska, reshen wani maɗaci ya ɓalle ya faɗo kan wata mata mai sayar da tukwane, ya karya mata ƙafa, tukwane kuwa ko murfi bai tsira ba. Maɗacin nan a ƙofar wani attajiri yake, kuma sau uku Korau yana zuwa da gatari, sau uku ana korarsa. Amma wa zai kai wannan magana fada?

Sarki mutum ne mai tausayi, sai dai akwai shi da gaggawa. Da labari ya iske shi ransa ya ɓaci, ya kira Waziri ya ce, "Na ba ka kwana bakwai. Duk itacen da ke barazana ga talakawana a kan hanya, a kwantar da shi. Wanda ya ƙi umurnin nan kuwa, hannunsa na dama ya zama fansa."

Waziri masanin littattafai ne, amma bai san bambancin tsamiya da marke ba. Ya dubi sama ya dubi ƙasa, ya ga arba'in adadi ne mai cika baki, sai ya aiki fadawa da farar ƙasa su shafa wa itatuwa arba'in alama. Kai jama'a, zo ku ga aiki! In sun isa ƙofar mai hali, a shimfiɗa musu tabarma, a dama fura, sai su ɗaga kai su ga itacen gidan lafiyayye garau. In sun isa unguwar masu awaki, inda itatuwan gawo ke tsaye ba ganye ko ɗaya, sai su yi ta shafa fari ba ko sallama. Kada ka ce ba su sani ba. Ko akuya ta san gawo da damina yake zubar da ganye, da rani ya yi kore shar, ya ba mutane inuwa, ya ba dabbobi 'ya'ya lokacin da daji ya ƙone. Sun sani sarai, arba'in dai suke son cikawa, gawo kuwa ba shi da mai magana a fada.

Aka kira Korau aka ce ya bi alama ya sare. Ya saɓa gatarinsa ya fita. Duk itacen da ya isa, sai ya juya gatari ya ƙwanƙwasa gindin da ƙota, ya kara kunne. Wani ya sare, wani ya hau ya rage masa rassa, wani ya dafa shi kawai ya wuce. Matarsa ta yi kuka ta ce, "Malam, hannunka fa! Itace ne, ba ɗanka ba ne." Ya ce ya ji. Tsoro kam ya ji shi, amma da gari ya waye sai ya koma ya yi yadda ya yi jiya.

Ran kwana na bakwai da hantsi aka gurfanar da shi gaban sarki. Ya faɗi ya yi gaisuwa, ya ajiye gatari a gabansa.

Sarki ya ce, "Ya kai dattijo, an ba ka arba'in. Nawa ka kwantar?"

Korau ya ce, "Allah ya ba ka nasara, bakwai na kwantar, goma na yi musu aski, sauran na gaishe su na wuce."

"Da wane dalili?"

"Ya sarki, a kan hanyarka akwai mai barci da aka ce ya mutu, akwai kuma matacce da ke tsaye cikin koriyar riga. An aike ni in binne na farko, na biyu kuwa ba wanda ya ambace shi."

Sarki ya gyara zama ya ce, "Wa ya gaya maka wannan barci yake yi, wancan ya mutu?"

"Su da bakinsu, ranka ya daɗe. Itace ba ya ƙarya, sai dai a ƙi tambayarsa."

Fadawa suka yi caa, wai tsoho ya fara ruɗewa. Sarki ya ɗaga hannu aka yi tsit. Ya ce, "Ka san abin da na rantse a kai?"

Korau ya dubi hannunsa na dama, ya ce, "Na sani, ya sarki. Abu guda nake roƙo kafin a ɗauke shi. Ka fito ka yi wa itatuwan shari'a da kanka, amma da kunne, ban da ido. Ka ja amawali ka rufe fuska, ni in yi maka jagora. In buga, kai ka yanke. In hukuncinka ya dace da farar ƙasar fadawa, ga hannu, ga gatari, ba sai an nemo wuƙa ba."

Tirƙashi! Ba a taɓa jin talaka ya ce sarki ya rufe ido ya bi shi ba. Waziri ya buɗe baki zai yi magana, sai sarki ya yi murmushi, don shi mutum ne mai son gane abu da kansa. Ya ce, "To, koya mini harshensu tukuna."

Korau ya bugi ginshiƙin rumfar fada, ya amsa tik, gajeriyar amsa mai nauyi. Ya ce, "Wannan shi ne na ƙoshi." Ya sa aka mirgino wani tsohon kututture da gara ta cinye, ya buga, ya amsa ɓurum kamar tulun da ba ruwa. Ya ce, "Wannan kuma shi ne ku yi ta kanku." Sau uku ya maimaita, har sarki ya ce ya isa.

Sarki ya ja amawali ya rufe idanu, ya kama bakin sanda, Korau ya kama ɗaya bakin. Waziri ya biyo su da gawayi don ya sa alamar abin da sarki ya yanke. Tsohon ya yi ta ratsa lunguna da shi, ya yi gabas ya yi kudu, ya sake komowa, har sarki ya rasa inda alƙibla take.

Suka tsaya, aka buga, tik. Sarki ya ce, "A bar shi, wannan zai binne jikokinmu." Gawo ne na unguwar masu awaki, fari fat da alamar fadawa. Wata tsohuwa da ke leƙe ta kan katanga ta toshe baki don kada guɗa ta kuɓuce mata. Aka yi gaba, aka buga, ɓurum. Sarki ya ce, "A sare." Durumin ƙofar Ma'aji ne, wanda ko ɗigon fari ba a sa masa ba, Ma'aji kuwa yana tsaye a wurin, gumi ya jiƙa masa wuyan riga. Haka aka yi ta tafiya, gawo bayan gawo yana kuɓuta, itacen manya bayan itacen manya yana shan gawayi. Fadawan da suka sha fura suka fara ja da baya ɗaya ɗaya.

Tun nan hannun Korau ya tsira, da ya so sai ya ce shari'a ta ƙare. Ya tsaya a wata mararraba, har sarki ya ce, "Jagora, ka gaji ne?" Ya ce, "A'a, ranka ya daɗe. Saura guda." Ya juya ya ja sandar.

Da suka isa gindin itacen, sai fadawa suka dubi juna. Wani ya yi tari, Waziri ya yi gyaran murya har sau biyu. Sarki ya ce, "Mura ce ta kama fadata yau? Buga, dattijo."

Korau ya ɗaga ƙota, ya buga. Ɓurum! Ƙarar ta bi gindin ta hau har sama, tsuntsaye suka watse.

Sarki ya ja da baya ya ce, "Subhanallahi! Wannan ya fi duk na baya lalacewa. Akwai masu zama ƙarƙashinsa?"

Korau ya ce, "Kullum, ya sarki. Sun fi ɗari."

"To, kada rana ta faɗi yana tsaye, ko na wane ne."

Sarki ya sauke amawali. Sai ga shi a ƙofar fadarsa, a gindin babbar ceɗiyar da mahaifinsa ya zauna ƙarƙashinta yana shari'a har ya bar duniya, wadda masu kawo ƙara ke jira a inuwarta tun safe. Ganyenta luf-luf, ko ɗaya bai yi ja ba.

Fuskar sarki ta sauya. Ya ce, "Tsoho, ka yaudare ni."

Korau ya durƙusa ya ce, "Idonka na rufe, ya sarki, ban taɓa kunnenka ba."

"Ka san wanda ya dasa ta?"

"Mahaifinka, Allah ya jiƙansa, shi ya nuna wurin da sandarsa. Ni na haƙa ramin, ni na kafa reshen, rani uku ina ɗauko mata ruwa daga rafi. Ba ni da abin da nake so a birnin nan kamarta." Ya share ido da bakin riga. "Kuma tun da ranar wanka ce, ba zan ɓoye cibi ba. Shekara uku ke nan da na buga ta na ji abin da ka ji yau. Na yi shiru don ta sarki ce, na yi shiru don tawa ce. Kullum in na wuce na ga mata da goyo a ƙarƙashinta sai gabana ya faɗi, in sunkuyar da kai. Fadawanka sun yi kara don fura, ni na yi don ƙauna da tsoro, duk kanwar ja ce. In akwai hannun da ya cancanci yanka, ga shi, amma don wannan shirun, ba don gawo ba."

Sarki ya matsa kusa da ceɗiyar. Ya dafa gindinta, ya dubi mutanen da ke zaune a inuwarta sun zuba masa ido. Sa'an nan ya sunkuya ya ɗauki gatari da kansa, ya miƙa wa Korau da hannu biyu, ya ce, "Tashi, baba. Riƙe hannunka, birnin nan na bukatarsa. Ka fara da tawa, sa'an nan ka je ƙofar Ma'aji."

Aka tashi jama'a, aka ɗaura igiyoyi. Korau ya yi bisimilla ya kai sara yana hawaye, Allah sarki, ba wanda ya ga laifinsa. Sara bai kai ashirin ba gatari ya zurma ciki. Da ta kwanta ƙasa ta girgiza, sai ga cikinta kogo ne tun daga gindi har inda rassa suka rabu, ba komai sai gara da baƙar ƙasa, ɓawon da ke riƙe da ita bai fi kaurin tafin hannu ba. Masu zama a inuwarta suka yi ta salati suna rungumar 'ya'yansu.

Sarki ya tsaya a fili, rana na dukansa a inda ta shekara da shekaru ba ta doki kowa ba, ya ƙi a kawo laima. Ya juya ga Waziri ya ce, "Rubuta wannan, a karanta wa duk alƙalin da zan naɗa. Hukuncin da ya tsaya tambayar ƙofar wa ce kafin ya faɗi, ba adalci ba ne, gaisuwa ce."