Maƙerin da Ya Ƙera Noti Marar Kwancewa

A wani gari da ke bakin hanyar mota, akwai wani mutum, maƙeri, wanda Allah ya ba shi hannu. In ka kai masa garmar shanu da ta karye, ko injin niƙa da ya ƙi tashi, sai ya juya abin sau biyu, ya ɗan yi tsaki, kafin la'asar ka zo ka ɗauki kayanka. Yana da ƙane guda ɗaya, manomi, uwa ɗaya uba ɗaya. Da mahaifinsu ya rasu suka raba gida biyu, suka ja katangar bulo a tsakiya, amma suka bar ƙofar ƙarfe a jikin katangar. Ta wannan ƙofa tuwo ke wucewa, ta nan ake aron gishiri da garwashi. Ta nan kuma iyalin ƙanen ke fita waje su kuma ɗebi ruwa, gama zaure da rijiya duk a gefen babban suka faɗo.

Wata shekara, ana gab da faɗuwar damina, garmar ƙanen ta tsage. Ya kai wa wansa. Wan ya ce, "Ajiye can, zan duba." Mako ɗaya, mako biyu, garma tana jingine a bayan zugazugi, kaji na hawa kanta. Kun dai san halin masu sana'a, aikin ɗan gida kullum a baya yake. Ruwa ya sauka, maƙwabta suka fara huɗa, ƙanen ya ga shekara za ta wuce shi. Sai ya zo ya ɗauki garmarsa, ya kai wa wani maƙeri a ƙauyen gaba, aka gyara masa a yini ɗaya.

Ran kasuwa wani mai bakin tsiya ya tsaya a ƙofar maƙera, ya ɗaga murya ya ce, "Ashe hannu ya fara sanyi? Mun ji har ɗan'uwanka ya gudu da garmarsa." Mutane suka kwashe da dariya. Iyakar abin da ya faru ke nan, jama'a. Ba a ci iyakar gona ba, ba a ɗaga wa kowa hannu ba. Amma maganar ta shiga zuciyar maƙerin nan ta yi zamanta. Ya koma gida bai taɓa abinci ba, ya nufi ƙofar tsakiya ya tura sakata.

Washegari ya tarar da ita a buɗe, domin matarsa ta ji tausayin facalarta, ta zare mata sakatar ta ɗebi ruwa. Ya sa kwaɗo, matar ta gano inda yake ɓoye mabuɗi. Ya huda sakatar har cikin ƙarfen ƙofa, ya zura ƙusa mai murɗi, ya ɗaure da noti. Matar nan, da yake shekara ashirin tana zaune da maƙeri, ta ɗauko sufana ta kwance abinta.

Sai ransa ya ƙara ɓaci. Ya shiga maƙera kwana uku, ba ya karɓar aikin kowa. Ya samo ƙarfen sifirin na babbar mota, ya ƙera wani irin noti da ba a taɓa gani ba a garin. Ya yi masa jiki kewayayye, sumul kamar ƙwallon goruba. A bisa jikin ya yi kai mai kusurwa shida wanda sufana za ta kama, tsakanin kan da jikin kuwa ya bar wuya siriri. Ya gasa shi ya tsoma cikin baƙin mai har ya yi taurin da zarto ba ya ci. Dabarar ita ce, in aka yi ta ɗaurewa har ya kai maƙura, sai wuyan ya ɓalle, kan ya faɗi ƙasa, a bar jikin nan mai santsi wanda babu abin da zai kama shi. Gaskiya hikima ce. Kaito, da a ce a wani wurin ya kai ta.

Yana cikin ɗaura shi a ƙofar, matarsa ta tsaya a bayansa ta ce, "Maigida, in wata rana ka so buɗewa fa?"

Ya ce, "Wannan ranar ba ta cikin kwanakin duniya." Ya ƙara murɗawa da ƙarfi, kan notin ya ɓalle, ya faɗi a ƙafarsa. Bai tsaya nan ba, ya bi saman katangar ya kafa fasassun kwalabe.

Dole ƙanen ya fasa wata ƙofa ta bayan gidansa. Daga ranar, in kana so ka je wurinsa daga gidan maƙerin, sai ka zagaya ta tsakiyar kasuwa. Matar ƙanen kuma ta koma ɗiban ruwa a rafi, ga rijiyar surukinta taku goma daga ɗakinta. Shi kuwa notin ya yi suna. Masu injin ban ruwa da masu shaguna suka yi ta zuwa nema, domin ɓarawo ba ya iya kwance shi. Ba wanda ya sake cewa hannun maƙeri ya yi sanyi.

Dattawan ikkilisiya suka zo sau biyu, ya ba su ruwa suka sha, ya raka su ƙofa. Ƙanen da kansa ya zo maƙera, hula a hannu, ya ce, "Yaya, in na yi laifi a yafe mini. Ruwan sama ne ya matsa mini." Maƙerin bai ɗaga kai ba, ya ci gaba da dukan ƙarfe. Ko sunansa ya daina kira, sai dai ya ce "mutumin bayan katanga". Kuma ku ji abin mamaki, majami'a ɗaya suke zuwa. Wannan a bencin dama, wancan a bencin hagu, waƙa ɗaya suke rerawa, kuma muryar maƙerin ta fi ta kowa tashi.

To, fushi ma yana gajiya. Wajen shekara ta uku maƙerin ya duba zuciyarsa, bai sami komai ba sai kewa. Yakan ji tarin ƙanensa ta bayan katanga, ya ajiye lomar da ke hannunsa. Wata rana da tsakar rana, kowa ya tafi gona, ya ɗauko sufana a ɓoye ya gwada. Sufana ta zame. Ya san in zai cire ƙofar sai ya fasa bulo, ƙarar kuwa duk unguwa za ta ji, a ce maƙeri ya sauko. Sai ya ce bari sai bayan kaka. Kaka ta wuce, ya ce bari sai Kirsimati, lokacin da kowa ke shiga gidan kowa. Haka ya yi ta ɗagawa har shekara bakwai.

Ran nan da hantsi, ranar kasuwa, sai aka buga ƙofar tsakiya daga wancan gefe. Matar ƙanen ce. Ta ce, "Yaya, ƙanenka jiki ya yi tsanani. Shi ya ce a shimfiɗa masa tabarma nan gindin ƙofa. Kai yake kira."

Sai maƙerin ya ji wata murya can ƙasa, da ƙyar take fita: "Yaya, buɗe mini."

Matarsa ta yafa gyale ta ce, "Taso mu zagaya, ba ta kai tafiyar minti goma ba."

Amma ya tuna kasuwa ta cika, ya tuna idanun mutane, ya tuna har da mai bakin tsiyan nan. Ya ce, "Ke dai je ki. Ni na ɗaure, ni zan kwance. Ta nan zan shiga." Ta tafi ta bar shi.

Ya kwaso kayan aikinsa duka. Ya sa sufana, ta zame. Ya kama da awartaki, ya suɓuce. Ya ɗauko zarto ya yi ta gogawa har haƙoran zarton suka zube, notin ko kwarzane bai yi ba. Ya sa sabon zarto, haka. Ya ɗauko kurfi, ƙarfen saran ƙarfe, da guduma, dukan farko ƙofa ta yi ƙara a kan marar lafiya, matar ƙanen ta yi kuka ta ce ya bari don Allah. Ya ɗaga kai ya dubi katanga, ga kwalaben da ya kafa da hannunsa. Gumi ya jiƙa shi, yatsunsa suna jini, yana cewa, "Ina zuwa, ka jira ni, ina zuwa." Wayyo, aikin ya yi kyau ƙwarai. Duk garin babu wanda ya iya ƙera abin da zai gagari maƙerin nan sai shi kansa.

Rana ta kusa tsaka kafin ya jefar da zarto ya fita da gudu, ko takalmi babu. Ya ratsa kasuwar da ya yi shekaru yana jin tsoro. Kun san me? Ba wanda ya kula shi. Mai tumatir tana jera tumatirinta, mahauci yana korar ƙuda. Ya shiga gidan ƙanensa, karo na farko cikin shekara bakwai, ya tarar an riga an ja mayafi.

Matar mamacin ta dube shi, ba ta yi masa faɗa ba. Da ma ta yi, da ya fi masa sauƙi. Ta ce, "Yana jin ƙarar zarton. Har ya yi murmushi ya ce mana, 'Ku ji, Yaya yana buɗewa.' Ya sa muka juya fuskarsa wajen ƙofa. A haka ya cika, yana jira."

Maƙerin ya durƙusa a gefen tabarma ya kira sunan da ya hana bakinsa: "Filibus. Filibus, ga ni." Ba amsa.

Bayan jana'iza ya ɗauki guduma ya fasa bulo ya cire ƙofar gaba ɗaya. Duk unguwa ta ji ƙarar, ba wanda ya yi dariya. Aikin bai kai rabin yini ba.

Yanzu ga ma'anar misalin nan, 'yan'uwana, ku kasa kunne. Ƙofar tsakiya ita ce hanyar da Allah ya bari tsakaninka da ɗan'uwanka, ko maƙwabcinka, ko wanda kuke sujada tare. Sakata da kwaɗo su ne ɓacin rai na yau da kullum. Wa ya tsira daga wannan? Ni ma nakan tura sakata, ku tambayi uwargidana. Amma sakata ana zare ta, kuma Ubangiji cikin jinƙansa yakan ba mu masu zarewa: mace mai hankali, dattijo, abokin da ba ya tsoron faɗa maka gaskiya.

Notin nan kuwa shi ne lokacin da mutum ya zauna, ya yi amfani da hankalin da Allah ya ba shi, ya ɗaure fushinsa yadda ba mai iya taɓawa. "Ni da shi har abada." "Ko gawata kada ta zo." Ranar da ka faɗi irin wannan a gaban mutane, ka ɓalle kan notin. Fushin zai mutu ya bar ka, amma maganar tana nan riƙe da ƙofa, kana so ka buɗe, kunya ta hana ka. Kasuwar ita ce kunyar. Muna tsammani duniya ta ajiye aikinta tana kallonmu, alhali kowa tumatirinsa yake jerawa.

Ku tuna, mun yi wa Allah abin da ya fi ɗaukar garma, bai kuwa ɗaure ƙofarsa da irin wannan noti ba. Yesu Almasihu ne ya zagayo wurinmu, a gaban taron jama'a, ana yi masa ba'a, bai ce bari sai bayan kaka ba. In an yi mana haka, da wane baki za mu ce wa ɗan'uwa ya jira?

Abin da ya fi ci mini rai a labarin nan shi ne, maƙerin ya riga ya yafe tun shekara ta uku. Ƙanensa ne kawai bai taɓa ji daga bakinsa ba. Gafarar da ka ajiye a ciki ba ta isa wancan gefen katanga.

Na ga waɗansunku sun sunkuyar da kai tun ɗazu. Ban kira sunan kowa ba, kai ka san sunan da bakinka ya daina kira. In mun tashi daga nan, tuwon rana zai iya jira. Kada ka tsaya neman zarto, kada ka tsaya shirya maganar da za ta fid da kai kunya. Ka bi ta kasuwa, ka je ka kira shi da sunansa, tun yana iya amsawa.