Dalilin da Ya Sa Dutsen Washi Yake Shan Ruwa

Ku matso, yara, ku ji dalilin da ya sa ba a ɗora wa dutsen washi wuƙa sai an tsoma shi a ruwa. Da can a bushe ake washi, dutse ya yi zafi, ƙarfe ya yi zafi, tartsatsi na tashi.

A wani ƙauye akwai wani manomi, Jatau, wanda ba abin da yake so a duniya kamar wasa wuƙa. Ba sana'arsa ba ce, sha'awa ce kurum. Da ya dawo daga gona sai ya bi gida-gida yana tambaya, "Akwai wadda ta dakushe?" Wuƙar yanka kuɓewa, lauje, adda, duk ya kwaso ya baje a tsakar gida, ƙaras-ƙaras har la'asar. Matarsa Kande ta yi magana har ta gaji.

Ran nan aka haifa musu jika na fari. Da safiyar suna Jatau ya garzaya wurin amininsa Barmo wanzami, wanda zai yi wa jariri aski.

"Barmo, ba ni askar nan in gyara ta. Kan jikana za ta hau!"

Barmo ya ce, "Ta ubana ce fa, Jatau, kuma ita kaɗai gare ni."

"Kafin a gama feɗe rago na kawo maka ita tana walƙiya."

Jatau ya karɓi askar, ya komo gida da gudu, ya durƙusa gaban dutsensa. Murna ta sa ya danna da ƙarfi, yana ja, yana turawa, dutse ya ɗau zafi. Can sai ƙas! Bakin askar ya yi giɓi.

Jatau ya ɗaga askar yana duba giɓin. Kande ta leƙo ta gani, ta dafe ƙirji.

"Malam! Askar da za a sa wa jariri ka yi wa giɓi? Da wane ido za ka kalli Barmo? Wallahi yau na raba ka da dutsen nan!"

Ta fizge shi, ya ƙona mata hannu, ta wurga shi cikin randa, tsundum!

Jatau ya zabura ya leƙa randar. Ga dutse a ƙasa yana fitar da 'yan kumfa, yana zuƙar ruwa kamar wanda ya shekara da ƙishirwa. Yana tsamo shi sai ga muryar Barmo a zaure: "Jatau! Mutane fa sun taru!"

Ina lokacin shanya dutse? Ya ɗora askar a kansa haka nan a jiƙe, ya ja. Ba ƙara, ba tartsatsi. Askar ta zame sumul, wata 'yar laka mai laushi ta taso tana cin ƙarfen a hankali. Ya ƙara ruwa, ya ja, ya juya, ya ja. Giɓin ya ragu, ya ragu, ya ɓace! Ya goga ta a damtsensa, gashi ya zube.

"Kande! Kande, zo ki gani!" Ya yi tsalle har hularsa ta faɗi.

Da Barmo ya yi askin, jariri ko motsi bai yi ba, barcinsa yake yi. Barmo ya juya askar ya sake juyawa. "Me ka yi mata, Jatau?"

Kande ta amsa daga bayan zana, "Ni na shayar da dutsen."

Washegari Jatau ya gwada dutsen a bushe, ya ƙi ci, sai santsi. Dutsen ya riga ya ɗanɗana ruwa, ba zai koma aiki da ƙishirwa ba. Labari ya bazu cikin duwatsun washi, kowane ya ce shi ma haka.

To, shi ya sa har yau in kun tsoma dutsen washi a ruwa za ku ga kumfa na tashi. Sha yake yi. Ku bar shi ya ƙoshi, sai kumfar ta tsaya sannan ku kawo masa wuƙa.