Malamin da Ya Kulle Ɗalibarsa

Ya 'yan uwa, an yi wani mutum, tsohon malami, da ya buɗe 'yar makarantarsa a gidan haya. Aji uku ne kacal, na 'yan matan da manyan makarantu suka sallama. Iyaye suna yabonsa, wai ya iya lanƙwasa mai taurin kai.

Da me yake lanƙwasa su? Akwai ɗakin ajiya bayan ofishinsa, ba taga, cike da karyayyun bencina. Duk mai laifi nan yake kulle ta.

Wata rana da hantsi ya kulle wata 'yar shekara sha biyar don ta yi dariya a aji. Tana da ciwon asma, kuma ya sani. Yarinya ta yi ta bugun ƙofa.

Malamar ɗinki ta zo ta ce, "Malam, a buɗe mata, numfashinta ya canza."

Ya ce, "Makirci ne. Koma ajinki."

Ya ci gaba da duba takardu. Bugun ya ragu, ya tsaya. Ya ce a ransa ta yi laushi.

Da ya buɗe bayan azahar, rai ya yi halinsa. Ya ja wa kowa kunne, ya ce wa iyayen a aji ta faɗi. Uban har godiya ya yi masa.

Ba wanda ya kai shi ƙara. Amma tun daga ranar, yana tsaka da darasi sai ya tsaya, alli a hannu, ya ce, "Wa ke buga ƙofa?" 'Yan mata su sunkuyar da kai. Ɗaya bayan ɗaya suka daina zuwa. Ya ciccire ƙofofin gidansa, bugun bai daina ba. Matarsa ta kwashe 'ya'ya ta tafi.

Daga ƙarshe ya je ya durƙusa gaban uban yarinyar, ya faɗi gaskiya, ya roƙi gafara.

Uban ya ce, "Malam, ba ni ka kulle ba. Wadda za ta yafe maka ba ta nan."

Haka ya tashi. Hankalinsa bai sake dawowa daidai ba.

Ya 'yan uwa, 'yar wani amana ce. Horo daban, zalunci daban. Wanda ka zalunta, ka neme shi tun yana numfashi. In ƙasa ta rufe shi, a ina za ku haɗu, a gaban wa?

Allah ya kiyaye mu da haƙƙin raunana. Amin.