Dalilin Da Ya Sa Ake Rina 'Yan Tsaki Ja

"Gwaggo, wai me ya sa 'yan tsakinmu jajaye ne, alhali uwarsu fara ce?"

Dela tana tankaɗe a gindin katanga ta jiyo 'yar maƙwabta tana wannan tambaya. Ta dakata da rariya a hannu. To ku matso, yara, don dalilin da ya sa ake rina 'yan tsaki, a tsakar gidan su Dela aka fara shi.

A da ba wanda ke rina ɗan tsako. Yadda ya fito daga ƙwai haka yake yawonsa, kyanwowin unguwa kuwa suna ɗauka kamar an ajiye musu ƙosai a faranti.

Dela amarya ce, wata biyar da kawo ta. Kunya gare ta ba kaɗan ba. In uwar mijinta, Iya Tabawa, ta yi mata magana, sai ta sunkuyar da kai kamar ƙasa take amsa wa. Abokiyar hirarta ɗaya ce, wata kaza wake-wake da kakarta ta ba ta ranar da za a kawo ta. Mai yawan shiru kuwa yana jin abin da masu surutu ba sa ji. Har maganar dabbobi Dela takan tsinta.

Kazar ta ƙyanƙyashe tara. Sai wani muzuru mai ɗingishi, wanda ya taɓa taka garwashi a murhun mai ƙosai, ya mayar da gidan wurin kalacinsa. Dela ta kifa kwando, ya ture. Ta jera ƙaya a kan katanga, ya biyo ta magudanar ruwa. Kafin mako ya zagayo, saura huɗu.

Iya Tabawa ta ce, "Ke 'yar nan, wannan kaza taki muzuru take yi wa kiwo. In huɗun nan suka bi 'yan'uwansu kafin Juma'a, tukunya za ta shiga. Dusata ba ta banza ba ce."

Dela ta ce, "To, Iya." Ta koma ɗaki ta share hawaye.

Iya Tabawa saƙar faifai take yi. Ranar Laraba ta dama jan galura a kasko za ta rina kaba, sai aka aiko ana kiranta barka. Ta yafa gyale ta ce, "Rufe mini kaskon nan."

Dela ta amsa, amma idonta na kan katanga, hankalinta na kan muzuru. Ba ta rufe ba. Can sai ga wata fara ta yi tsalle, 'yan tsaki suka bi ta a guje, huɗun nan duka suka afka cikin kasko, tsulum!

"Na shiga uku!" in ji Dela. Ta tsamo su, ta wanke, ta goge da bakin zane. Ina! Ja ya kama. Allah ya so akwai lalle a hannunta, ja ya ɓace cikin ja. Ta ajiye su kusa da murhu su bushe, ta laɓe a bakin ƙofa tana tunanin abin da za ta gaya wa Iya.

Sai ga muzuru ya diro.

Ya ce, "Sannu da hutawa, uwar 'ya'ya. Ina yaran? Gaisuwa na zo."

Kaza ta ce, "Ai ka gama gaishe su."

Ya dubi jajayen abubuwan nan huɗu da ke motsi a gefen toka. "To waɗannan fa?"

"Garwashi ne. Na gaji da yi maka ƙyanƙyasa, sai na koma kan murhu na kwanta."

"Garwashi da ƙafa? Kada ki raina mini hankali."

"Taɓa ka ji mana, Malam Muzuru. Da wacce za ka taɓa, da mai lafiyar?"

Muzuru ya dubi ƙafarsa mai tabo, ya ja da baya kaɗan. Ƙaramin cikin 'yan tsakin, wanda bai san komai ba, ya hango ƙuda a gashin bakin muzuru, ya nufo shi a guje yana tsiyu-tsiyu. Muzuru ya kurma ihu, "Wuta tana bi na!" Ya haye katanga, ya manta ma da ɗingishin. Kafin la'asar labari ya gama kyanwowin unguwa, har shirwa ta ji a sama.

Da Iya Tabawa ta dawo, ta tarar da kasko a buɗe, galura ta fantsama, 'yan tsaki ja wur. Ta buɗe baki za ta fara, sai ta ga kyanwowi uku a kan katanga suna leƙe, ba wadda ta yarda ta sauko. Ta maida bakinta ta rufe.

Juma'a ta zo, 'yan tsaki huɗu cif. Matan unguwa suka cika gidan.

Gwaggo Kande ta maƙwabta ta ce, "Tabawa, don Allah wane asiri ne wannan? Namu sun ƙare kaf."

Iya ta gyara zama ta ce, "Gado ne. Haka kakata take yi." Ta saci kallon Dela, Dela ta dubi ƙasa. Da mata suka watse, Iya ta ɗebo gero cike da hannu, ba dusa ba, ta watsa wa kazar. Ba ta ƙara ambaton tukunya ba.

Shi ya sa har yau za ku ga 'yan tsaki ja a tsakar gida, kyanwa kuma tana kan katanga tana lissafin ƙafafunta.

To, ranar da Dela ke tankaɗen nan, a bayan katanga, Gwaggo Kande ta amsa wa yarinyar mai tambaya: "Asirin Iya Tabawa ne, daga kakarta ta gada."

Dela ta dubi kazarta, kazar ta karkata kai ta dube ta. In ta faɗi gaskiya, ta ƙaryata uwar miji, ta kuma tona wa kanta mantuwar kasko. Sai ta yi murmushi, ta ci gaba da tankaɗenta, ta ƙudurta a ranta ko maigidan ba zai ji ba.