Muzurun Maitama da Rumbun Dawa

Inna Laraba, ƙanwar mahaifiyata, ita ta fara ba ni labarin nan muna tsinkar auduga a Mahuta, 'yan shekaru bayan samun 'yancin kai. Labarin Maitama ne, manomi mai ƙwazo, sai dai yana son a ce ya fi kowa.

Ya kai auduga Funtuwa, ya tarar wani Bature zai koma ƙasarsu, yana neman mai sayen ɗan muzurunsa. Fari ne tas, gashi buzu-buzu, wai an san asalinsa har kakanni. Maitama ya ba da ragonsa, ya ɗauko shi a kwando, ya sa masa suna Bature.

A gida kuwa matarsa Hajjo tana da tsohuwar kyanwa mai kunne ɗaya, mai kwana ƙarƙashin rumbu. Ya sa aka kai ta hayin rafi aka yar, wai kada ta ɓata wa muzurun asali.

Hajjo ta ce, "Maigida, wa zai tsare mana dawa?"

"Ga Bature nan."

"Baturen da kaza ke kora?"

Kullum madara da tsoka ake ba muzurun, Maitama na taje shi, mutane na zuwa kallo. Hajjo ta yi ta cewa tana jin motsi a rumbu. Ya ƙi dubawa, don a wurinmu wanda ya buɗe babban rumbu kafin damina, cewa ake abinci ya ƙare masa.

Da ruwan fari ya sauka, ya hau ya ɗage murfin. Ƙaiƙayi da kashin ɓera, har irin shuka bai tsira ba. Cikin fushi ya jefa muzurun ciki ya rufe.

"Yi aikin da ka ci!"

Bawan Allah, bai taɓa kama ko fara ba. Da aka buɗe, gafiyoyi sun kashe shi.

Daminar nan Maitama ƙwadago ya yi a gonakin mutane, tasa ciyawa ta cinye. 'Yar autarsu kuwa yunwa ta kashe ta, ba ta ga kaka ba.

Jikokina, ku ji ni. Kada ku wulaƙanta mai yi muku aiki shiru don kun ga mai kyau, kuma abin da kuka raina don ado, kada ku ɗora masa laifinku. Ni dai washegarin ranar da Inna Laraba ta ba ni labarin nan, kafin in ɗauki tsintsiya, na zuba wa baƙar kyanwata nono a kasko, na tsaya har ta shanye.